Mai Algaita Ba Shi da Bakin Faɗin Sunansa

In ka tsai da mutumin ƙasarmu a kan hanya, ko a Tsafe, ko a Gusau, ko a Bunguɗu, ka ce ya lasafta maka makaɗan fada, ba zai yi dogon tunani ba. Zai ce Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar nan da har yau a ke saurara. Zai ce Ibrahim Narambaɗa, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya. To, sai ka ce masa, "Madalla. Yanzu faɗa mini sunan mai algaita guda ɗaya." Na gwada wannan tambaya ga abokaina tsofaffi, na gwada ta ga malaman makaranta, ban sami wanda ya amsa ba sai mutum ɗaya, shi ma don maƙwabcinsa ne.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mawaƙi yana da baki. In ya gama yabon ubangidansa, sai ya ɗan juyo ya yabi kansa, ya sa sunansa cikin waƙar, ta haka sunan ya ke tafiya duk inda waƙar ta tafi. Amma mai algaita bakinsa a cike ya ke. Tun daga ƙofar fada har filin idi yana kiran sunan wani da busa, ba shi da zarafin kiran nasa.

Abin da ya tada mini wannan tunani shi ne wani abu da jikana ya nuna mini cikin wayarsa. Wani babban zaure ne a ƙasar waje, mutane sun cika shi suna zaune shiru, ga wata mace a tsaye tana busa wani baƙin abu siriri. Da na kasa kunne sai na ce, "Kai, ai wannan algaita ce aka yi mata tarbiyya!" Ya yi dariya, ya ce sunanta obo. Bayanta wani mutum ya fito da wani dogon abu kamar taɓarya, ya rungume shi a karkace, muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa kamar ta dattijo mai ba da shawara. Wannan kuwa basun a ke ce masa. Tsawon obo bai fi ƙafa 2 da ɗan kai ba. Basun kuwa, in da za a miƙe bututunsa da aka naɗe biyu, zai haura ƙafa 8.

Ashe masu busa waɗannan abubuwa biyu suna da ƙungiya tasu ta duniya, wadda a ke taƙaita sunanta da IDRS. An kafa ta a Amurka cikin shekara ta 1971, ta yi taronta na farko cikin 1972 a Jami'ar Michigan. Tun daga nan a kan yi taron shekara-shekara, yawanci a Amurka, wani lokaci kuwa a ƙetare: an yi a Birmingham ta Ingila cikin 2009, an yi a Tokyo ta Japan cikin 2015, an yi a Granada ta Sifen cikin 2018. Su kan yi kwana huɗu ko biyar. Gwanaye su hau su yi busa daga safe har dare. Samari su yi gasa, wadda aka sa wa sunan mabusa biyu na dā, Fernand Gillet mai obo da Hugo Fox mai basun. Masu ƙera kayan busa su baza hajarsu. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wai babban gwani ya kan zauna gaban ɗalibai da 'yar wuƙarsa, ya nuna musu yadda ya ke feƙe ɗan karan da ya ke sawa a baki. Abin da a wurinmu asiri ne na gida, su a bainar jama'a su ke koyar da shi.

Bari in yi bayanin wannan ɗan kara, gama shi ne ya haɗa algaita da obo da basun ya mai da su 'yan ɗaki ɗaya. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san wasan nan: ka tsinko ganyen albasa ko ɗanyen karan ciyawa mai rami, ka matse bakinsa ya yi fale-fale, ka hura. Leɓunan nan biyu da ka matse su ne su ke kaɗawa suna bugun juna, sai ƙara ta fito. To, duk sirrin ke nan. Sarewa ba ta da wannan. Kakaki da farai ba su da shi, leɓen mai busa ne ya ke kaɗawa. Amma algaita da 'yan'uwanta, harshe biyu na kara ne muryarsu. Icen da fatar da ƙarfen duk gida ne kawai aka gina wa muryar.

Wannan ban koye shi cikin littafi ba. Sa'ad da na ke yaro akwai wani tsoho mai algaita a bayan gidanmu. Mu yara mu kan kira shi Baba, ko da ya ke babu dangantaka. Algaitarsa tsawonta kamar kamu ɗaya, icce ne aka rufe da fata, ƙasanta a buɗe kamar bakin mazurari, da ƙofofi huɗu na yatsu. A sama akwai siririn bututun ƙarfe, da wani ɗan faifai da leɓe ke jingina a kai, sa'an nan ɗan hakin a can ƙarshe. Algaitar ya kan rataye ta a bango, kowa ya gani. Amma hakin yana cikin wani ɗan gwangwani a aljihun ƙirjinsa, ba mai taɓawa.

Wata rana na tsaya ina kallon algaitar, sai ya ce, "Ɗana, wanga icce da kaka kallo ba shi ka magana ba. Hakin ga shi ka magana."

Na ce, "Baba, ina a ke samunsa?"

Ya ce, "Fadama." Daga nan bai ƙara ba.

Na sha ganinsa da hantsi a ƙofar gida, ya zube guntayen haki a kan cinyarsa. Ya ɗauki wannan ya jiƙa da miyau, ya matse, ya ɗaure gindinsa da zare, ya hura. In bai yi masa ba ya yar, ya ɗauki wani. Cikin goma ya kan zaɓi biyu ko uku. Ga kuwa abin dariya: haka nan daidai masu obo su ke fama. Su nasu karan wani irin gora ne, wanda ya fi suna cikinsa daga kudancin Faransa a ke samo shi. Mai obo ya kan sayi abin busarsa da kuɗi mai yawa, an ƙera shi da baƙin icce na Tanzaniya ko Mozambik, an jera masa maɓallai na ƙarfe masu walƙiya, amma duk da haka sai ya zauna kullum yana feƙe kara, yana ɗaurewa da zare, yana yarwa. Karan kuwa ba ya daɗewa, in ya yi 'yan kwanaki ya gaji. Da tsohon nan da gwanin Paris za su zauna tabarma ɗaya, ina tsammani ba sa bukatar tafinta.

Abu na biyu shi ne numfashi. Kowa ya ga kumatun mai algaita sun kumbura kamar zai fashe, mu yara mu kan yi ta dariya muna kwaikwayo. Ba mu san aikin da kumatun ke yi ba. Mai algaita ba ya yanke busa don ya yi numfashi. Yana tara iska cikin kumatu, sa'ad da kumatun ke tura iskar cikin algaita, shi kuwa yana shaƙar sabuwa ta hanci. Watau yana hurawa yana shaƙa a lokaci guda, kamar zugazugin maƙeri. Tsohon nan ya kan ba ɗansa tsinken kara da ƙwaryar ruwa, ya ce ya yi ta hurawa kada kumfar ta tsaya. Mu ma muka gwada. Ni dai ruwa na shaƙa ta hanci, na yi ta tari. A ƙasashen Turai wannan dabara abin yabo ce ƙwarai, Heinz Holliger mutumin Suwizalan yana cikin masu obo da suka yi suna da ita. A wurinmu kuwa, yaron da bai iya ta ba, ai bai ma fara koyon algaita ba tukuna.

Abu na uku shi ne magana. Baƙo ya kan ji algaita ya ce ƙara ce kawai. Ɗan gari kuwa kalmomi ya ke ji. Harshenmu yana da hawa da sauka, algaita kuwa tana bin wannan hawa da saukar, har take ya fito sarai. Mahaifiyata tana cikin ɗaki, ba ta leƙa ba, sai ta ce, "Ga hakimi nan ya fito," ko kuwa, "A'a, wannan baƙo ne aka yi." Da ƙofofi huɗu kaɗai a ke yin wannan. Ina ganin duk wanda ya raina mai algaita bai taɓa tsayawa ya yi lissafin abin da mutumin ya ke ɗauke da shi a ka ba: taken sarki, da na kakanninsa, da na kowane basarake, da sanin wanda za a fara kira da wanda za a bari sai baya. In ya kuskure a nan, ba ƙaramin laifi ba ne.

To, me ya sa 'yar'uwar ta Turai ta sami zaure da ƙungiya da makaranta, tamu kuwa tana nan a bayan doki?

Mai karatu zai yi zaton can ma tun asali haka su ke. Ko kaɗan. Kakar obo abin busa ce mai tsananin ƙara, ta fili, ba ta ɗaki ba, tana da ɗan abin jingina leɓe kamar na algaita. Danginta suna ko'ina: zurna a Turkiyya, gaita a Maroko, shahnai a Indiya. Sunan algaita kansa daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo mana. A Faransa, zamanin Sarki Luwi na 14, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, masu wannan busa ma'aikatan bargar sarki ne, su ne masu busa in an yi hawa ko an yi babban baƙo. Sana'ar kuwa gado ce, gidaje irin su Hotteterre da Philidor uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Ka ji fa, kamar a ce Sarkin Busa da 'ya'yansa. Cikin waɗannan gidaje ne aka gyara abin busar: aka cire abin jingina leɓen domin mai busa ya kama karan da leɓunansa, ya iya sassauta murya ko ya ɗaga ta yadda ya ga dama, aka raba icen gida uku, aka sa maɓallai. Daga nan ta iya shiga ɗaki ta zauna tare da masu goge. Har ta kai yau in babbar ƙungiyar makaɗa za ta fara wasa, mai obo ne ya ke ba da murya, sauran duka su daidaita kayansu da tasa.

Amma ba gyaran icen ne ya cece ta ba, a ganina. Cikin 1793 mutanen Faransa suka kashe sarkinsu. Da obo ta dogara ga fada kaɗai, da ta bi shi. Sai ga shi cikin 1795 an buɗe makarantar kiɗa a Paris, aka ɗauki gwanaye su koya wa duk yaron da ya ke da kunne, ko ɗan wane ne. Aka rubuta abin da dā a ke riƙewa a ka. Sana'ar ta fita daga gida ɗaya ta zama ta kowa.

A Indiya ma an yi irin wannan, amma ta hannun mutum ɗaya. Bismillah Khan, wanda aka haifa cikin 1916, ɗan gidan mabusan fada ne. Shahnai a lokacin abin biki ce da ƙofar sarki. Shi ya hau da ita dandamali ya sa aka zauna aka saurare ta don kanta. Shi ya yi busa a Delhi ranar da Indiya ta sami 'yancin kai cikin Agusta 1947, cikin 2001 aka ba shi lambar girma mafi girma ta ƙasar, ya rasu cikin 2006. Bai canza wa shahnai kama ba. Matsayin mai busa ya canza.

Kada a ce ba wanda ya taɓa lura da tamu. Wani Ba'amurke baƙar fata, Yusef Lateef, gwanin obo da basun cikin kiɗan jaz, ya zo Zariya cikin 1981 ya zauna har 1985 a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana binciken kayan busarmu, musamman sarewar Fulani. Mutumin da ya yi wasa a manyan biranen duniya ya zo ya zauna gaban mabusanmu yana tambaya. Ya rasu cikin 2013. Na kan yi tunani, mu nawa ne cikin 'yan boko na wancan lokaci muka yi abin da ya yi, alhali mu ba sai mun hau jirgi ba?

Gaskiyar magana, mun ji daɗin busar amma mun ƙi mai busar. Roƙo mu ke kiran sana'arsa. In ya zo neman aure wani gida, sai a fara 'yan kame-kame. Sa'ad da na ke koyarwa a firamare, na taɓa samun wani yaro mai kaifin kunne, in aka rera waƙa sau ɗaya ya kama. Na san ubansa mai algaita ne. Ranar da a ke cika takardar shiga sakandare, aka zo wurin sana'ar uba, sai ya ce a rubuta manomi. Ba ƙarya ya yi ba, gama uban yana noma. Amma na ga yadda ya sunkuyar da kai, ya saci kallon 'yan ajin. Yaro ba ya koyon irin wannan kunya shi kaɗai. A gidajenmu ya ji ta, a bakin iyaye irinmu. Mu kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma akwai gadon da mu ke yi wa dariya.

Taron da ya fi kusa da nasu a wurinmu shi ne hawa. Waɗanda suka ga hawan daba na Kaduna cikin 1977, lokacin bikin Festak, sun ga masu algaita daga masarautu da yawa a fili ɗaya, har da na Borno. Abin ya yi kyau, ba shakka. Amma a hawa kowane mabushi yana bayan ubangidansa ne. In an sauka, kowa ya kama hanyar garinsu. Hawa ba wurin da na Katsina zai tambayi na Zamfara irin hakin da ya ke yanka ba ne.

Yanzu kuwa abubuwa biyu sun haɗu a kan sana'ar. Na farko, biki ya koma hannun mai na'ura da lasifika. Har sunan ma ya tashi daga kanta: ka ce wa yaron yau "algaita", abin da zai faɗo masa a rai shi ne fassarar finafinan Indiya ta wani kamfani a Kano mai wannan suna. Na biyu ya fi ciwo, kowa kuwa a ƙasar nan ya san shi. Shekarun nan na 'yan bindiga sun watsa ƙauyuka. Cikin Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a Jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako. Mai algaita yana ci ne daga naɗin sarauta, da hawa, da bikin manya, da rakiyar hakimi in zai zaga ƙasarsa. In dagaci ya bar garinsa ya koma birni ya kama haya, wa zai yi wa busa? Fadamar da a ke yankan hakin ma, ba kowace a ke iya zuwa ba. Manyan fadoji irin na Gusau da Tsafe za su riƙe nasu. Na ƙananan garuruwa ne na ke jin tsoro, gama kowannensu yana da taken da babu shi a wani wuri.

Tsohon nan na bayan gidanmu ya daɗe da rasuwa. Ɗansa, wanda ya iya hura kumfa ba yankewa, ya zama direba a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ya yi rufin asirinsa, ban ga laifinsa ba. Na tambaye shi kwanan baya ko algaitar tana nan. Ya ce tana nan, fatar ta ɗan bushe. Na ce, "Hakin fa?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wallahi Malam, na san fadamar, amma na manta ko da kaka ya kan yanka ko sai rani ya shigo."

Ba na cewa mu mai da algaita obo. Ƙararta ita ce kyanta, an yi ta ne domin a ji ta daga bayan gari cikin ƙura da haniniyar dawaki. Abin da na ke so mu ara daga mutanen nan shi ne zaman da su ke yi. Gusau tana da jami'ar tarayya tun 2013, tana da kwalejin horon malamai. Ba abu mai wuya ba ne a kira masu algaita na Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi da Ƙauran Namoda sau ɗaya a shekara, a ba su kujera, ba tsugunno a bakin ƙofa ba, kowa ya busa shi kaɗai a saurara, a faɗi sunansa da na wanda ya koya masa, a buɗe ƙofa ga yaron da ba ɗan gado ba in yana so.

Kafin manya su yi wannan, akwai abin da iyali za su iya. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya. In akwai tsoho mai busa a unguwarku, ku aiki yaranku da goro su gaishe shi, ku ma ku bi su, domin su ga kun zauna a gabansa. Ku roƙe shi ya busa take ɗaya-ɗaya, bayan kowane ya cire algaitar daga baki ya faɗi kalmomin da na wane ne. Ku tambaye shi icen da a ke sassaƙawa, da wanda ke ɗinka fatar, da maƙerin da ke yin bututun. Ku tambayi sunan hakin, da fadamar, da watan da a ke yanka shi, da kwana nawa a ke shanya shi kafin a ɗaure. Watakila ba zai faɗa ranar farko ba. Tsohonmu ma "Fadama" kaɗai ya ce mini, amma ni sau ɗaya na tambaya, kuma ina ɗan shekara 9.